Cibiyar gashin ƙashi da ta duba gwiwar Hajiya a Katsina

Watanni uku ke nan ina kai mahaifiyata wata cibiyar gashin ƙashi a cikin birnin Katsina, bayan amosanin gaɓɓai ya tsananta a gwiwarta ta dama har ta koma yin salla a kan kujera. Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne likitar ba ta yi mana alkawarin warkewa ba. Ta bayyana cewa guringuntsin da ke hana ƙasusuwa gogar juna ne ya zaizaye, kuma motsa jiki ba ya mayar da shi, amma ƙarfafa tsokar cinya yana rage nauyin da gwiwa ke ɗauka, zafi ya sassauta.

Na ga yadda take durƙusawa ta tallafi diddigen Hajiya, tana cewa, "Hajiya, a miƙe ƙafar a hankali, a riƙe sai na ƙirga goma." Da raɗaɗi ya taso, ba ta gaggawa.

Cutar ba ta mu kaɗai ba ce, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ita a gwiwa sun kai miliyan 365 a 2019.

Ƙorafina ɗaya ne: jira yana da tsawo, bencin kuma ya yi ƙasa sosai ga masu ciwon gwiwa. Yanzu Hajiya tana taka dakalin ƙofar gida ba tare da an riƙe ta ba.