Faranti mai lungu ko tiransfonda: wanne ya fi sauƙin kulawa?

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne ya fi sauƙin kulawa idan sashenku na jami'a zai kafa abin gwada radar tauraron ɗan'adam a fili, faranti mai lungu ko tiransfonda. Ni dai faranti zan ce, amma kada ku ɗauka ana kafa shi a manta.

Farantin fallayen alminiyam uku ne da aka haɗa kamar lungun ɗaki, kowanne ya tsaya kan ɗan'uwansa a digiri 90. Siginar rada in ta faɗa ciki sai ta bugi fallayen ta koma inda ta fito. Ba ya cin wuta, ba ya son batir. Tunda an san girmansa, an san ƙarfin da ya kamata ya mayar, da haka ake gane ko radar ta soma ƙari ko ragi. Ka ninka tsawon gefensa biyu, ƙarfin ya ninku sau 16. Hukumar binciken ƙasa ta Ostireliya, Geoscience Australia, ta kafa guda 40 a yankin Surat na jihar Queensland, daga mai mita 1.5 zuwa mai 2.5.

Inda gizo ke saƙar shi ne, in ya samu matsala ba ya faɗa. Akwai ɗan rami a ƙasan lungun don ruwa ya tsiyaye. Da ƙurar hunturu, ganye da kashin tsuntsu sun toshe shi, ruwan damina zai kwanta ciki, siginar ta raunana, a ɗora wa tauraron laifin da ba nasa ba. Tsawon igiyar siginar radar tauraron Sentinel-1 na Turai kusan santimita 5.6 ne, don haka 'yar lanƙwasar da ido zai raina tana ɓata awo. Duk zuwa sai a buɗe ramin, a goge fallaye, a ɗaure noti, a auna kusurwa da inda ya fuskanta. Bayan ruwa mai ƙarfi kuma a sake ɗaukar matsayinsa da GPS, saboda ƙasa kan zauna.

Tiransfonda kuwa na'ura ce mai karɓar siginar, ta ƙara mata ƙarfi ta mayar. Ba ta kai faranti cin wuri ba, kuma ana iya bibiyar lafiyarta daga ofis. Cibiyar binciken sararin samaniya ta Jamus, DLR, tana amfani da duka biyun a kudancin ƙasar. Sai dai tiransfonda tana son wuta marar yankewa, zafi yana taɓa ƙarfinta, sai da lasisin watsa sigina, kuma wadda aka ƙera don Sentinel-1 ba za ta yi wa tauraron NISAR mai igiyar santimita 24 aiki ba. In ta lalace, gyaran ba na mai walda ba ne.

Abin da ya fi damuna da farantin a wajenmu shi ne alminiyam yana da kasuwa wurin 'yan gwangwan. Ku kafa shi kan siminti a fili marar gini kusa, ku zauna da mai unguwa, ku sa kuɗin mai gadi cikin kasafi tun farko.