Gangar jiki ko rufewa: ina ya kamata kuɗin wasan wutar biki ya fi yawa?

Ƙanena, ɗauki ƙananan kwalayen nan 12, ka bar wa mai shago manyansa uku. Na ga yadda ka jera tambayar: kuɗin da kuka haɗa na wasan wutar bikin ƙanwarku a Gadarif, nan Sudan, ko dai ya tafi kan manyan kwalaye uku masu harbi 100 kowanne a tayar da su lokaci guda a rufe taro, ko ya sayi ƙanana da yawa a baje su tun daga farko. Duka biyun na taɓa zuba kuɗina a kansu. Ɗaya in na tuna sai na yi murmushi, ɗayan kuwa in aka tayar da zancensa a gidanmu sai na nemi takalmina.

Na daɗin shi ne bikin autarmu a garin Mai Wurno na bakin kogi, kakar da ta gabaci yaƙin Sudan na 2023. Kwali 12 ne cif a hannuna, babu wanda ya wuce harbi 36 a cikinsu, sai masu feshi na ƙasa guda huɗu da nake gani kamar kayan yara. Tun la'asar na tafi bakin kogi da ɗan yayana, muka jera su sahu biyu a kan yashi, kowanne na rubuta masa lamba da gawayi a gefe, na tokare shi da bulo ta ɓangare biyu. Da aka idar da Isha'i mutane suka gangaro. Na fara da masu feshin nan biyu, babu ƙara, sai tartsatsi da ya kai tsayin mutum. Yara suka yi tsit. Sai mai harbi 16 a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ruwan zinare yana buɗewa yana zubowa kamar ganyen dabino. Gwaggo, wadda tun da rana take faɗin ita ba za ta zo kallon wasan banza ba, tana tsaye a baya ta toshe kunnuwa da mayafi. A kwali na uku na waiga na ga ta sauke hannu. A na biyar, wani shuɗi da ya tashi shi kaɗai ya faɗo a fuskar ruwa, ita ce ta fara rangaɗa guɗa. Kogin ya yi mini aikin da ban biya ba, duk abin da ya tashi sama sai a gan shi biyu.

Minti bakwai muka yi, ɗan yayana na riƙe da agogo. Kwali tara suka ɗauki gangar jikin wasan, uku na ajiye na rufewa, su kuwa ba su wuce daƙiƙa 25 ba. Washegari wajen shan shayi ana ta musu, wani ya ce kwata muka yi, wani ya rantse an kai rabin awa. Ban gyara wa kowa ba.

Abin da ya sa ya yi tsawo a idonsu, ba a bar sama ta yi duhu ba, kuma ba a maimaita abu ɗaya sau biyu a jere ba. Nan ne aikin yake. Lagwanin kwali ba ya kamawa nan take: wanda aka rubuta wa F2 (lambar ajin ƙarfin kwali ce, F3 ya fi shi ƙarfi) yana cin daƙiƙa 3 zuwa 8 kafin harbin farko, mai F3 kuma 5 zuwa 13. Saboda haka in ka tsaya sai wannan ya mutu sannan ka kunna na gaba, ka bar rami a tsakani. Duhun daƙiƙa goma a wajen wasan wuta jinsa ake kamar minti guda. Mutane su fara tafi suna zaton an gama, yara kuma su kwasa a guje cikin fili neman kwalin da ya ƙone, alhali na kusa da shi yana shirin tashi. Wannan ya fi komai ba ni tsoro. Ka san tsawon kowane kwali, ka kunna na gaba saura kamar daƙiƙa biyar na farko ya ƙare. Sannan ka riƙa sauya hannu yadda mai kalangu yake yi: na ƙasa, na sama, mai sanyi, mai sauri, ka koma mai sanyi. Wajen minti na huɗu ka haɗa biyu su tashi tare, mutane su ɗauka rufewar ke nan, sai ka dawo da su ƙasa da mai feshi. Duhu ɗaya kawai na yarda da shi, na numfashi biyu ko uku dab da rufewa ta gaskiya.

Manyan ukun kuwa, a bikin ɗan kawuna na gwada su, nan cikin Gadarif. Sun cinye kusan duk kuɗin, abin da ya rage na sayi 'yan tsiraru da suka yi ta tari ɗaya-ɗaya na minti uku, jama'a na hira abinsu. Da na tayar da manyan, harbi goman farko kawai muka gani. Daren babu iska, hayaƙi ya tsaya cak a kanmu, sauran duk a cikinsa suka fashe, kamar fitilar mota cikin habub, guguwar ƙurar nan tamu. Kafin a ce kwabo an gama. Kawu ya kira ni gefe yana kaɗe toka daga hularsa ya ce, "Yaro, kakanninmu sun baro Burmi, fagen yaƙi da Turawa, tun 1903, kai kuma ka ɗauko mana ita ka kawo tsakar gida?" Iyakar yabon da zan yi musu: ba su da wahalar kunnawa, kuma harbi goman farko suna kyau a bidiyon da za a ɗora a WhatsApp.

Akwai kuma maganar launi, wadda sai da na yi asara na gane ta. Ja daga sinadarin sitrontiyom yake, kore daga bariyom, shuɗi daga tagulla, farin nan mai kashe ido daga alminiyom ko magniziyom, ruwan zinare kuma gawayi ne. In ka watsa su duka sama a lokaci guda ido ba ya rarrabewa, sai ka ga wani fari-fari kamar kunun da aka tsinka. Shuɗi ya fi kowa rauni, da fari ya tashi kusa da shi ya ɓace. To ka biya kuɗin launi biyar ka ga ɗaya. Launuka wurinsu gangar jiki, inda kowanne zai samu fili shi kaɗai. Rufewa kuwa ka yi ta da launi ɗaya, ni ruwan zinare nake zaɓa domin yana daɗewa yana zubowa bayan harbin ƙarshe, sama ba ta mutuwa farat ɗaya.

Rabon da nake yi ke nan: kashi uku cikin huɗu na kuɗin a gangar jiki, kashi ɗaya a rufewa. Cikin 12 ɗinka ware uku mafiya faɗin baki da saurin harbi, ka jera su da tazara, ɗaya dama, ɗaya hagu, ɗaya tsakiya, don su cika sama a faɗe maimakon su cunkushe wuri guda. Kada kwaɗayi ya sa ka ja wasan ya wuce minti takwas da wannan kayan, zai tsinke. Nama a ƙarshen tuwo ake ci, amma wanda ka ba shi loma biyu ka miƙa masa tsoka bai ƙoshi ba.

Yanzu abin da ba ka tambaya ba. Masu sayar da kayan nan, da yawansu ba sa tsoron Allah, kuma lambar nan ta 100 da ita suke kama mutane. Yawan harbi ba shi ne ma'auni ba, faɗin bututu ne da nauyin garin albarushin da ke ciki. Bututu mai milimita 30 filin bakinsa ya ninka na mai milimita 20 sau biyu da ɗoriya, shi ya sa mai harbi 25 na milimita 30 yake tashi sama ya buɗe ya bar mai harbi 100 na milimita 20 yana ta fat-fat a ƙasa. Ka duba takardar jikin kwalin, akwai inda ake rubuta NEC da nauyin garin a giram. Shi za ka gwada tsakanin kwali da kwali, ba girman kwalin ba. Kada nauyinsa a hannu ya ruɗe ka, gindin kowane bututu toshe yake da yumɓu, kuma na taɓa yage takardar saman wani bayan ya ƙone na tarar sahun waje gaba ɗaya bututun banza ne, ko baƙin hayaƙi babu a cikinsu. In mai shago ya ce maka nasa "ɗan asalin China ne", ka yi dariya kawai. Galibin kayan nan na duniya daga can suke, musamman garin Liuyang na lardin Hunan, mai kyau da marar kyau duk hanya ɗaya suka biyo.

Na biyu, kayan da suka kwana damina a sito. Garin yana shan danshi, sai ka ga harbi ya tashi rabin hanya ya fashe, ko ya ƙi tashi sam. Ka juya kwalin ka duba gindinsa: in takardar ta yi tabon ruwa, ko ta kumbura, ko lagwanin ya yi laushi ya koɗe, ajiye masa abinsa ko da rabin kuɗi ya ce. Na uku, bidiyon da zai nuna maka a waya ba lallai na kwalin da ke gabanka ba ne. Kuma kada ka tura wa kowa kuɗi ta Bankak, manhajar banki ta waya, kafin kayan su zo hannunka ka juya su da kanka. A kan babban katan ɗin da aka zubo su ka nemi UN0336 da 1.4G, shi ne ajin da aka saba sayar wa mutane irinmu. In ka ga UN0335 da 1.3G, ko ya fito maka da ƙwallaye tsirara masu dogon lagwani ya ce a bututun ruwa ake saka su, wannan galibi na masu sana'ar ne da suka yi horo, ba naka ba ne ba nawa ba. Haka nan ko da wasa kada ka farke kwali don ka haɗa garin wani da na wani.

Sai maganar da ta fi duk waɗannan nauyi. Wasannin nan biyu da na ba ka labari kafin 15 ga Afrilu 2023, ranar da yaƙi ya ɓarke, aka yi su. Yau a unguwarku akwai waɗanda suka baro Khartum, akwai waɗanda suka baro Madani a Disambar 2023 da abin da ke jikinsu kawai. Harbi 300 cikin daƙiƙa 20 da dare, a kunnen yaron da ya kwana ƙarƙashin gado yana jin ruwan wuta, ba biki ba ne. Masu tsaro ma ba su san bikin ƙanwarka ake ba. Don haka kafin ka ba mai shago ko jine ɗaya na kuɗin Sudan, ka je wurin 'yan sandan yankinku da ma'aikatan kashe gobara ka tambaya ko an yarda, da wane lokaci. In sun ce a'a, magana ta ƙare, a ƙara kuɗin a kan kayan ɗakin amarya. In sun yarda, a sanar a masallaci bayan Magariba, a shiga gidajen maƙwabta a faɗa wa mata, kuma ka cire duk wani kwalin da aikinsa ƙara ce zalla. Wannan ma wani dalili ne da ya sa na ce ƙananan: masu feshi da masu zubar zinare kusan shiru suke yi.

Wurin kuma ka fita da shi daga cikin gidaje. Ka san garinmu, ɗakunan ciyawa ne ko'ina, ga karan dawa an tara bayan girbi, tartsatsi ɗaya ya ishe su. Da sanyi iskar daga arewa take busowa, to jama'a su tsaya ta arewa iska na bugun bayansu, kudu kuma ya zama fili ne fetal, hayaƙi da ɓurɓushi su tafi can. Ƙa'idar Turai ta ce aƙalla mita 8 ga F2, mita 15 ga F3, a Ingila ma 25 suke rubuta wa F3. Ni taku 50 nake aunawa in ja igiya, in sa manyan samari biyu su tsare ta, domin yaranmu ba sa jin "ku matsa". Jarka biyu ta ruwa da bokitin yashi su kasance kusa da kai. Wanda ya ƙi tashi kada ka leƙa bakinsa, kada ka sake kunna shi. Ka ba shi minti 20, sannan ka tsoma shi a ruwa ya kwana.

In izinin ya samu, sayi ɗaya na ƙari cikin irin da ka fi yawa da shi, ka gwada shi kwana biyu kafin biki da agogo a hannu, domin daƙiƙun da ake rubutawa a takarda ba kullum suke cika ba. Ka turo mini hoton takardun kwalayen a nan kafin ka biya, zan jera maka lambobinsu daga 1 zuwa 12. Ashana kuma bar ta a gida, iska za ta yi ta kashe maka ita kana tsugune kan kwali. Turaren tsinke mai kauri za ka ɗaure a bakin kara mai tsayin hannu, ka kunna daga gefe ka ja da baya.