Rumbun hotunan HiRISE da aikin nemo kumbon Phoenix bayan hunturu

Kyamarar HiRISE tana jikin kumbon Mars Reconnaissance Orbiter, wanda ke zagaya duniyar Mars tun watan Maris na 2006, kuma Jami'ar Arizona ta Amurka ce ke kula da ita. Hotunanta suna shafin uahirise.org, kyauta, ba rajista. Ba a sanin ƙarfin irin wannan rumbu sai an ɗora masa aiki mai wuya, kuma kaɗan ne suka kai nemo kumbon Phoenix wuya. Ya sauka ranar 25 ga Mayu, 2008 a filin Vastitas Borealis, kusan digiri 68 arewa, aka daina jin ɗuriyarsa ranar 2 ga Nuwamba na shekarar, sannan hunturu ya rufe shi da ƙanƙarar iskar kabon dayoksaid. A wajen ingancin hoto rumbun ba shi da na biyu. A wajen yi wa baƙo jagora kuwa, yana sakin hannunka daidai inda ka fi buƙatarsa.

A fara da lissafi, don shi ke nuna abin da ido zai iya sa rai da shi. Madubin kyamarar rabin mita ne. Hotunan da aka daidaita bisa taswira suna zuwa da santimita 25 a kowane piksel, amma a arewacin Mars kumbon da ke ɗauke da kyamarar yana sama da kilomita 300 daga ƙasa, don haka ainihin faɗin ƙasar da kowane piksel ke ɗauka ya ɗan haura santimita 30. Shimfiɗa shi aka yi zuwa 25, ba ƙarin bayani ba ne. Phoenix daga ƙarshen faifan sola ɗaya zuwa na ɗayan mita 5.5 ne, wato piksel 22. Teburinsa na tsakiya mita 1.5 ne, piksel 6 ke nan. Idan an haɗe piksel biyu-biyu lokacin ɗauka, kamar yadda ake yi in haske ya yi ƙaranci, adadin ya koma 11 da 3. Shafin kowane hoto yana faɗin ma'aunin da aka yi amfani da shi, kuma wannan ne layin farko da ya kamata ka duba kafin ka ɓata lokacin saukewa.

Sunayen hotunan abin yabo ne, ko da yake da farko kamar lambobin banza suke. Ɗauki ESP_017716_2485, hoton 7 ga Mayu, 2010. PSP a farkon suna na nufin zangon bincike na farko, ESP na zangon da aka tsawaita. Lambobi shida na tsakiya adadin zagayen kumbon da ke ɗauke da kyamarar ne, saboda haka su ne ke jera maka hotuna bisa lokaci. Huɗun ƙarshe matsayi ne a kan hanyar zagayen: 1800 tsakiyar duniyar ce ta ɓangaren rana, 2700 ƙuryar arewa. Wurin Phoenix yana faɗawa a 2485. Da ka riƙe wannan lamba, ka rage neman sosai.

Inda shafin ke yaudarar sabon shiga shi ne hotunan JPEG da ke fitowa nan take. Suna da kyau a ido, amma an ƙanƙance su har kumbon ya zama ɗigo ɗaya ko ya ɓace gaba ɗaya. Abin da ake aiki da shi fayil ɗin JP2 ne, kuma na launin ja mai faɗi yakan kai ɗaruruwan megabait, wani ya haura gigabait. Ka sauke shi tare da ɗan fayil ɗin LBL, domin a ciki ne bayanan taswira da na ma'aunin haske suke. Masu rumbun sun fitar da manhajar HiView kyauta don buɗe waɗannan fayiloli. Tana da sauƙin nauyi, tana nuna darajar kowane piksel, tana kuma bari ka ja iyakokin haske yadda kake so. Tsufanta ya bayyana a fuskarta, kuma ba a yi ta don ɗora hoto kan hoto ba. Wannan aikin sai manhajar taswira ta QGIS, wadda ke karanta JP2 ta ajiye kowane hoto a mazauninsa na taswira.

Ga wani tarko da ba a jaddada shi yadda ya kamata. Duk hoton wurin da ya wuce digiri 65 arewa ko kudu ana shimfiɗa shi ne da tsarin taswirar ƙuryar duniya, saboda haka arewa ba ta saman allo. Wanda ya karanta cewa murfin baya da laimar sauka suna 'yan ɗaruruwan mitoci kudu da kumbon, ya kama neman su a ƙasan allo, zai yi ta lalube a banza. Kusurwar arewa tana rubuce a jadawalin bayanan hoton; juya hoton da ita tukuna.

Sai ita kanta ƙasar. An tsattsage ta gida-gida saboda ƙanƙarar da ke ƙarƙashi tana tsukewa tana buɗewa, kamar busasshen taɓo a gindin tafki, kuma kowane gida mitoci kaɗan ne, daidai girman abin da kake nema. A hoton 2008 wannan bai dame kowa ba: iskar rokokin sauka ta share ƙura ta bar baƙin tabo kewaye da kumbon, faifan sola biyun sun fito shuɗi-shuɗi, laimar kuma fara fat. Bayan hunturu duk waɗannan alamu sun tafi. Ƙanƙarar da ta kwanta tana ɗauke da ƙura, da ta koma iska sai ta bar ƙurar a kan komai, launin kumbon ya zama ɗaya da na ƙasa.

Hotunan 30 ga Yuli da 22 ga Agusta, 2009 su ne gwaji mafi tsanani. Wurin yana cikin yankin da rana ke daina fitowa a tsakiyar hunturu, kuma a hoton farko digiri ɗaya kacal ta ɗaga daga sararin ƙasa, a na biyu shida. Hotunan suna da yashi-yashi, kuma idonka zai ce maka wurare masu haske ƙanƙara ce, masu duhu ƙasa ce tsirara. Ba lallai ba ne. Ana ja wa kowane hoto iyakokin haskensa daban, saboda haka toka-toka a hoton Agusta na iya fin farin hoton 2008 haske. In kana son kwatanta haske da gaske, ka ninka darajar piksel da ma'aunin da ke cikin LBL, ka ƙara gyaran da ke tare da shi. Launukan ma ba na ido ba ne: samfurin IRB yana sa hasken infrared, wanda ido ba ya gani, a gurbin ja, ja a gurbin kore, kore-shuɗi a gurbin shuɗi, shi ya sa ƙarfe da ƙanƙara ke fitowa shuɗi. Kuma launin ɗan zirin tsakiya kawai ya rufe, kilomita 1.2 cikin faɗin kilomita 6.

Hanyar da ke aiki ba ta dogara da haske ko launi. Ka buɗe hoton 2008, ka zaɓi duwatsu uku ko huɗu da mahaɗar tsagogi kewaye da kumbon, ka auna tazararsu. Ka nemo su a sabon hoton, ka daidaita hotunan biyu a kansu, domin mazaunin taswira kaɗai yakan kauce da mitoci masu yawa. Sannan ka riƙa kunna ɗaya kana kashe ɗaya. Abin da ya rage a wurin da lissafi ya nuna, shi ne kumbon, ko da bai yi kama da kumbo ba.

Shaida mafi ƙarfi inuwa ce, amma tana da sharaɗi. Tsawonta ya dogara da kusurwar da hasken rana ke sauka: a digiri 60 daga tsakar ka, ta ninka tsayin abu sau 1.7, a digiri 80 kusan sau 5.7. Kwatanta inuwar hotuna biyu masu kusurwa daban ɓata lokaci ne. Ka duba lambar Ls, wadda ke faɗin lokacin shekarar Mars mai kwana 687: 90 ita ce lokacin da yini ya fi tsawo a arewa, 270 tsakiyar hunturu. Hotunan 20 ga Yuli, 2008 da 7 ga Mayu, 2010 duk suna kusa da 90, shi ya sa aka haɗa su. A na 2010 kumbon ya ƙanƙance, akwai inuwar da za ta iya zama ta jikinsa da faifan gabas, amma ta faifan yamma babu. Wannan ya dace da hasashen cewa nauyin ƙanƙara zai lanƙwasa faifan ko ya karya su. Kumbon Mars Odyssey ya ratsa ta samansa sau 150 yana saurare a Janairu, Fabrairu da Afrilu, ya ƙara 61 a Mayu, shiru. Hoton bai nuna karyayyen faifai a ƙasa ba. Rashin inuwa ya nuna, kuma bayanin da masu rumbun suka rubuta bai wuce gona da iri ba, abin da ya cancanci yabo.

Kyamarar ta tsufa. Cikin na'urorin ɗaukar haske 14, RED9 ta mutu a 2011, RED4 a 2023, kuma ta biyun a tsakiya take, saboda haka sababbin hotuna na da gurbi a yankin launi. Akwai kuma iyakar da rumbun ba ya tsallakewa. An gano ɓataccen kumbon Beagle 2 a hotunansa a Janairu 2015, a Isidis Planitia inda irin wannan ƙanƙara ba ta kwanciya. Mars Polar Lander, wanda ya ɓace a Disamba 1999 kusa da digiri 76 kudu, har yau ba a gan shi ba: hunturu da yawa sun bi ta kansa kafin HiRISE ta iso, babu hoton farko da za a daidaita duwatsu a kansa. Mai son a sake ɗaukar wani wuri yana iya miƙa buƙata ta HiWish, wanda aka buɗe wa jama'a a 2010. Nan sai da rajista, kuma ka rubuta lokacin shekarar da kake so, in ba haka ba ana iya ɗauko maka hoton da inuwarsa ba za ta kwatantu da komai ba.