Suno: Manhajar Da Ke Mayar Da Baiti Waƙa

Na ɗauki makonni ina amfani da Suno, manhajar ƙirƙirarriyar basira wadda wani kamfani da ke birnin Cambridge a jihar Massachusetts ta Amurka ya buɗe wa jama'a a intanet a Disambar 2023. Aikinta shi ne ta karɓi rubutu ta mayar da shi cikakkiyar waƙa, da murya da kiɗa da amshi. Mutum zai iya bayyana mata irin waƙar da yake so cikin jimla ɗaya, ko kuma ya zuba nasa baitocin ya faɗi salon kiɗan da yake buƙata. Kowane umarni yana haifar da waƙoƙi biyu, kuma tsarin kyauta yana ba da maki 50 a rana, wanda ya isa a haɗa waƙoƙi 10.

Inda ta fi burge ni shi ne wajen gwajin rubutu. Ina da wasu baitoci da suka daɗe a cikin littafi ba tare da na taɓa jin an rera su ba. Na shigar da su, na nuna inda baiti ya ƙare da inda amshi ya fara, na nemi kiɗa mai sanyi na jita da muryar mace. Kafin minti ɗaya ya cika sai ga kalmomina suna fitowa daga bakin da ba na mutum ba, har da jan numfashi tsakanin layi da layi. A saurare na biyu ne na lura cewa layi na uku ya yi wa karin tsawo, domin muryar tana gaggawa kafin ta cimma bugun ganga, abin da idona bai taɓa kamawa a takarda ba. Na cire kalma ɗaya, baitin ya zauna daram. Ga marubucin waƙa wanda bai iya kaɗa komai ba, wannan taimako ne na gaske, kuma ba zan rage masa daraja ba.

Sai dai yadda aka gina manhajar bai bai wa mai amfani cikakken iko ba. Makaɗi yana iya cewa abokin aikinsa ya sassauta hannu a wuri kaza, ko ya ɗaga murya a gaɓa kaza, amma a nan bayani ake yi a dunƙule, sannan a zaɓa daga abin da ya fito. Wanda ya riga ya ji waƙarsa a zuci zai fi kowa jin wannan ƙunci.

Babban abin da ya dame ni kuwa shi ne tushen wannan gwaninta. A watan Yunin 2024 manyan kamfanonin waƙa uku, wato Universal da Sony da Warner, sun maka Suno da takwararta Udio a kotu bisa zargin kwafar waƙoƙinsu ba da izini ba domin horar da na'ura. A martaninsa kamfanin Suno ya amince cewa ya yi amfani da ɗimbin waƙoƙin da ke intanet, yana mai cewa dokar Amurka ta halatta irin wannan amfani. A Nuwambar 2025 Warner ta sasanta da shi, suka ƙulla yarjejeniyar lasisi. Amma sulhun manyan kamfanoni bai share hawayen ƙaramin makaɗi ba, wanda ya kwana a situdiyo yana maimaita bugu ɗaya har yatsunsa suka yi kanta, kuma ba shi da lauyan da zai nema masa kasonsa. Irin waɗannan mutane, da masu rera waƙar gwaji, da masu haɗa kiɗan talla, su ne aikinsu ya fara shiga haɗari, domin mai neman kiɗan daƙiƙa talatin ba lallai ne ya sake ɗaukar waya ya kira su ba. Kasuwar ma ta fara cika. Dandalin sauraron waƙoƙi a intanet na Deezer ya bayyana a Afrilun 2025 cewa ana ɗora masa waƙoƙi sama da 20,000 na ƙirƙirarriyar basira zalla a kowace rana, kuma dukkansu suna neman kaso daga tukunyar da mawaƙa ke ci.

Duk mai niyyar sayar da abin da ya haɗa ya kamata ya karanta sharuɗɗa da kyau. Tsarin kyauta bai ba da izinin kasuwanci ba, sai wanda ake biya. Ko da an biya, Ofishin Haƙƙin Mallaka na Amurka ya bayyana a Janairun 2025 cewa rubuta umarni kaɗai bai isa ya sa mutum ya zama mai haƙƙin abin da na'ura ta samar ba.

Saboda haka ina ba marubuta da masu koyo shawarar su gwada Suno a matsayin allon gwaji, amma ba zan fitar da abin da ta rera da sunana ba. Baitocin da na gyara yanzu suna hannun wani mai jita da wata mawaƙiya, kuma mun tsayar da ranar shiga situdiyo.