Wata biyar ina ɗebo bayanan masu awon ciki ta ƙofar FHIR

Aikin ya zo mini ne ta hannun ƙawar mahaifiyata, babbar ma'aikaciyar jinya da ke kula da sashen awon ciki a wani ƙaramin asibiti a nan Birnin Kebbi. Asibitin ya kai shekara uku yana shigar da bayanan marasa lafiya cikin manhajar OpenMRS, amma duk ranar da take son sanin matan da jininsu ya hau kuma ba su dawo ba, sai ta jawo babban littafin rajista tana bin layi da ɗan yatsa. Ta ce mini, "Ɗana, kwamfutar ga ta san duk matan da sunka zo, amma ba ta gaya min wadda ba ta dawo ba. Ka yi min abin da zan buɗe da sahe in gani." Na ce, "To Hajiya, in Allah ya yarda."

Da farko na bi hanyar da yawancinmu masu rubuta manhaja muka saba bi, wato na shiga rumbun MySQL, inda OpenMRS ke ajiye bayananta, kai tsaye. Wanda bai taɓa leƙa cikin OpenMRS ba zai zaci kowace mai ciki tana da layinta guda, nauyi nan, jini nan, kwanan wata nan. Ba haka abin yake ba. Kusan duk abin da aka auna yana cikin tebur ɗaya mai suna obs, kuma kowane awo layinsa daban. Lambar sama ta hawan jini layi ɗaya ce, ta ƙasa ma layi ɗaya, nauyi wani layin. Abin da ke rarrabe su lamba ce daga ƙamus ɗin manhajar: a ƙamus ɗin CIEL da asibitin ke amfani da shi, 5085 ita ce ta sama, 5086 ta ƙasa, 5089 kuma nauyi. Na haɗa su, na fitar da jeri, na kai wa Hajiya. Ta duba ta nuna wata mata ta ce wannan jininta lafiya lau yake, ita da hannunta ta auna ta. Gaskiyarta ce. An yi kuskuren buga lamba ranar, aka gyara nan take. OpenMRS ba ta goge abin da aka gyara, alamar sokewa take sa masa ta bar shi a wurin domin a iya bin sawu daga baya. Tsari ne mai kyau ga asibiti, ni ne ban tace sokakkun layukan ba.

Daga nan na koma ƙofar FHIR, kuma ita ce nake yi wa wannan sharhi. FHIR ƙa'ida ce da ƙungiyar HL7 ta tsara domin manhajojin lafiya su riƙa musayar bayani da harshe ɗaya. OpenMRS, wadda cibiyar Regenstrief ta Amurka da ƙungiyar Partners In Health suka faro a 2004, tana da ƙarin da ake kira FHIR2 mai buɗe wannan ƙofa. Kana aika tambaya ta adireshin intanet kamar yadda burauza ke neman shafi, amsa ta dawo maka a tsarin JSON, wato rubutun da manhaja ke iya karantawa. A harshen FHIR, marar lafiya Patient ce, zuwanta asibiti Encounter ne, kowane awo kuma Observation. Iyakar abin da na buƙata ke nan, kuma cikin kwana biyu na saba da su.

Abin da ya fi burge ni shi ne sokakkun bayanai ba sa biyo ka ta wannan ƙofa. Matar da ta shigo jerina bisa kuskure ta fita da kanta. Na biyu, kowane awo yana zuwa da ma'auninsa a manne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, domin wajen awon ƙarancin jini ɗakin gwaji wani lokaci PCV (yawan jajayen ƙwayoyin jini) yake rubutawa da kaso cikin ɗari, wani lokaci kuma himoglobin da giram. Mai himoglobin 11 tana bakin iyaka, mai PCV 11 kuwa rai na hannun Allah, ƙarin jini take buƙata cikin gaggawa. In ka ɗauki lamba tsirara ba ma'auni, ka cutar da wani.

Akwai wuraren da sai ka natsu. Amsa ba ta zuwa gaba ɗaya. A namu tana zuwa goma-goma cikin ƙunshi da ake kira Bundle, a jikinsa akwai adireshin shafi na gaba, sai ka bi shi har ya ƙare. Ranar farko na ɗauki goman farko na zaci ke nan, da Hajiya ba ta ce "mata nawa ka gani jiya a benci?" ba, da abin ya wuce ni. Haka kuma lambar sama da ta ƙasa har yanzu daban-daban suke fitowa, sai ka haɗa su ta zuwan da aka auna su a ciki. Kada ka haɗa su da kwanan wata kawai, don mai hawan jini akan zaunar da ita ta huta a sake aunawa a rana guda.

Batun shekarun haihuwa shi ne inda na ƙara ganin girman waɗanda suka tsara abin. Mata da yawa da ke zuwa daga Ambursa da ƙauyukan Kalgo ba su da takardar haihuwa. Mai kati zai tambaya, ta ce ita dai sa'ar wance ce, ko mijin ya kintata. FHIR ta yarda ranar haihuwa ta zo da shekara kaɗai, ba wata ba rana, kuma haka take zuwa mana ga waɗanda aka kintata shekarunsu. JavaScript kuwa, harshen da ake rubuta shafin da shi, in ka miƙa masa shekara tsura, 1 ga Janairu zai mayar da ita ba tare da ya yi maka magana ba. Na gyara shafina yana rubuta "kimanin" a gaban irin waɗannan shekaru. Na fi son manhajar da ke nuna mini cewa kintace ne a kan wadda za ta ƙirƙiro wa baiwar Allah ranar da ba a haife ta ba. Lokacin awo ma sai an kula da shi: Najeriya tana gaban agogon duniya da awa ɗaya, don haka awon da aka yi ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare zai iya komawa jiya in ka yi sakaci wajen juyawa.

Saurin aiki ya dogara da injinka. Sabar asibitin tsohuwar kwamfuta ce da ke kan sola da inbata, a zafin Afrilu fankarta har kuka take. Idan na nemi awon wata shida a lokacin da masu kati ke shigar da mutane, kowa sai ya ji a jikinsa. Yanzu da dare nake ɗebowa, kuma abin da ya canza tun ɗibar ƙarshe kaɗai nake nema, ƙa'idar ta tanadi hanyar yin haka. In kuwa jimillar wata kake so, irin wadda ake turawa DHIS2, manhajar da gwamnati ke tattara alƙaluman lafiya a ciki, wannan ƙofa za ta yi amma da nauyi. An fi gina ta don bin mutum ɗaya-ɗaya.

Ga 'yan'uwana masu wannan sana'a, akwai abin da ba zan yi shiru a kai ba. Kada ka sa kalmar sirrin OpenMRS cikin rubutun da ke gudana a burauza, duk wanda ya san inda zai danna zai gan ta. Na rubuta ƙaramar manhaja da Node.js a tsakani, ita ke riƙe da kalmar sirri, ita ke tambaya, sannan ta miƙa wa shafi lambar kati da awo da ranar dawowa kawai. Sunan mace da lambar waya kuwa ba sa fitowa sai Hajiya ta shiga da nata makullin. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kariyarsu, amma ko ba doka, mu nan mun san nauyin abin. Mai cikin fari ko uwarta ba ta iya gaya wa, kuma garin nan kowa ya san kowa.

Shin zan ba wani shawarar amfani da ita? Ƙwarai, musamman wanda asibitinsa ke kan OpenMRS kuma yake son shafin da zai rayu bayan an sabunta manhajar. Kuɗin lasisi babu. Takardun bayaninta da Turanci suke kuma suna da yawa, sai ka yi haƙurin karatu.

Abin da ba ta iya warware mini ba shi ne A'isha uku masu sunan miji ɗaya. Biyu kishiyoyi ne, ta ukun kuwa ta farkon ce da ta ɓatar da katinta aka buɗe mata sabo a matsayin Indo. Ta ƙofar FHIR mutum uku ne, kuma hawan jinin da ya kai 140 bisa 90 yana kan tsohon katin, zuwanta na baya-bayan nan yana kan sabon. Yanzu duk ranar Alhamis bayan la'asar nakan zauna da mai kati mu duba waɗanda shafin ya yi zargin mutum ɗaya ne, shi da ya san fuskoki ya tabbatar, sannan a haɗe su a cikin OpenMRS.

Hajiya tana buɗe jerin kafin ta fara awo. Yawancin lambobin wayar na mazajen ne, don haka ta hana a faɗi sakamako ta waya. Yarinyar da ke kira tana cewa ne kawai, "Malam, daga asibiti ne, Hajiya na son ganin iyalinka gobe da safe, a taho da kati."