Ɗaura a kan akwatin, ba kan maɓallin ba

Ƙanena, ka tambaye ni me ya sa maɓallan da suka sauka bayan shafin yanar gizo ya buɗe ba sa amsawa idan an danna su. Lafiyarsu ƙalau. Lokacin da addEventListener, umarnin JavaScript mai haɗa dannawa da aikin da za a yi, ya zagaya yana ɗaura aiki, ba a haife su ba tukuna, shi ya sa ka danna shiru.

Kana iya sake ɗaurawa duk sanda sabbin layuka suka zo. Yana yi, ban ce ba ya yi ba, amma ranar da ka manta ka ɗaura wa tsofaffi sabon kwafin aikin a karo na biyu, dannawa ɗaya za ta zama biyu. Ni buhu ɗaya ya taɓa shigar mini sau uku.

Ɗayar hanyar ita nake kai tun da na yi wa ƙungiyar manoman riɗi ta ƙauyenmu shafin karɓar kaya. Dannawa ba ta tsayawa a maɓalli, hawa take daga ɗa zuwa uwa har saman shafi. Sai na ɗaura aiki guda a kan teburin da ba ya motsi, ina tambayar event.target (ainihin abin da aka danna) da closest (mai bin iyayensa sama yana neman maɓalli) ko maɓallin "karɓa" aka taɓa. Kada ka tsallake closest ɗin nan, don sau da yawa yatsa kan ɗan hoton cikin maɓalli yake sauka. Ranar Alhamis ta kasuwar Maigatari sakatarenmu ya zauna kan buhu da wayarsa mai fasasshen gilashi, sabis na zuwa yana ɗaukewa, layuka na sauka kaɗan-kaɗan, kowanne kuma yana amsawa. Har la'asar bai kira ni ba, sai da daddare ya aiko mini da ƙullin riɗi.

Ka dai zaɓi akwati irin teburin nan, wanda innerHTML (mai sauya abin da ke cikin akwati) ba zai share ba, mafi kusa da maɓallan. Kuma focus da blur, wato shiga gurbin rubutu da fita daga shi, ba sa hawa, focusin da focusout za ka nema.

Sannan a kula da masu tallan shiryayyen shafi a WhatsApp, masu cewa nasu ya magance wannan. Na buɗe wani da aka sayar wa abokina, tsohon umarnin live ne a ciki, wanda jQuery, tarin umarnin JavaScript da yake cikinta, ta cire tun 1.9 a 2013, alhali umarnin on da ya maye gurbinsa yana nan kyauta tun 1.7 a 2011. Kafin ka tura ko sisi, a loda sabbin layuka a wayarka, ka danna da hannunka.

Ka ɗauki hanya ta biyun, ta ɗaurawa a kan akwati. Idan ta ƙi, turo mini hoton code ɗin yau da dare in duba.