Gidan haya da mota a Garwa: abin da iyali masu zuwa hutu daga Turai za su tarar

Tun bayan gasar cin kofin nahiyar Afirka da aka buga a Kamaru a farkon 2022, wadda filin wasa na Roumdé Adjia da ke Garwa ya karɓi wasu daga cikin wasanninta, na lura gidajen haya masu kayan ɗaki sun yawaita a Garwa. Wasu masu gidajen suna haɗawa da mota da direba, su ɗauko baƙo daga filin jirgi, su kuma mayar da shi ranar tafiya. Irin wannan ƙaramin kamfani, mai ofishi a wajen unguwar Plateau, muka ɗauka a hutun ƙarshen shekarar da ta wuce, ni da maigidana da yaranmu, da muka taso daga birnin Liyon na Faransa inda muke zaune. Aikinsu yana da kyau ƙwarai, sai dai an tsara shi ne domin Turawa da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, ba domin 'yan gari da suka dawo ganin dangi ba, kuma kusan duk abin da ya sosa mana rai daga nan ya samo asali.

Makarantun Faransa suna ba da dogon hutu a Yuli da Agusta. A 2022 Babbar Sallah ta faɗo cikin Yuli, iyalai da yawa suka yi ta a gida, amma da yake tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, a 2025 ta zo ne a farkon Yuni, yara suna aji. Saboda haka zaɓi ya rage tsakanin tsakiyar damina, da ruwanta da sauronta, da kuma mako 2 na ƙarshen Disamba, lokacin hunturu, kafin zafin Maris da Afrilu da ke haura maki 40. Ga yaran da aka haifa a ƙasar sanyi Disamba ya fi sauƙi, amma hutun gajere ne, duk yinin da ya tafi a neman mota ko gyaran famfo an yi asararsa.

Mutum ya zo garinsu ya sauka a gidan haya abin magana ne, kuma an yi maganar. Amma gidan surukaina a cike yake, saukarmu a can na nufin a tashi wasu daga ɗakunansu, a ƙara wa mata aikin da dama ya yi musu yawa. Muka yanke shawarar mu riƙa wuni a gida, mu kwana a masauki.

Cinikin ta WhatsApp aka yi shi. Sun aiko da bidiyon gidan ɗaki bayan ɗaki, ƙanen maigidana ya je ya duba, ya tarar abin da aka nuna shi ne a ƙasa, sannan ya biya kafin alƙalami ta waya. Lissafi bai ba mu wuya ba, tunda kuɗin sefa a ɗaure yake da yuro, kowane yuro 1 a kan sefa 655.957. Sun kuma taimaka a wajen biza. Dokar Kamaru ta 1968 ba ta amince da zama ɗan ƙasa biyu ba, don haka mai fasfon Faransa, ko da an binne cibiyarsa a Garwa, sai ya nemi biza kamar kowane baƙo, kuma tun 2023 ta intanet ake neman ta. Takardar shaidar masauki da ake haɗawa da ita ta iso mana washegari, tare da tunin kada mu manta katin allurar shawara. Ranar isowa hazo ya jinkirta jirgin da ya ɗauko mu daga Yawunde har bayan isha'i, direba ya zauna ya jira, ba a kuma ƙara mana ko sisi ba.

Gidan tsaf yake. Akwai rijiyar burtsatse da tanki, ruwa bai yanke mana ba ko sau ɗaya. Wutar arewacin Kamaru ta dogara sosai ga madatsar ruwa ta Lagdo da aka kammala a 1982, kuma idan ruwan tafkin ya ja baya ana jin abin a gari, shi ya sa janareta ba kayan alatu ba ne a nan. Nasu yana tashi nan take. Abin da ba a faɗa mana ba shi ne kuɗin mansa a kanmu yake, sai ranar tafiya aka kawo lissafin. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma ya kamata a ce suna rubuce a yarjejeniya. Na'urar sanyaya ɗaki da suke ta tallatawa ba mu kunna ta ba, barguna muka nema saboda sanyin asuba, aka kawo. Ɗakin yara ba shi da gidan sauro sai da na tambaya, alhali garin a bakin kogin Binuwai yake, kuma yaron da ya tashi a Turai ba shi da juriyar zazzaɓin cizon sauro.

Ɗakin girki ne ya fara nuna mini wa aka yi wa gidan. Akwai injin gasa burodi da kofunan shayi jere, amma babbar tukunyarsu ba ta isa tuwon mutum biyar ba, babu muciya, babu turmi, babu mara. Babu buta a banɗaki, babu tabarma ko darduma, ba a kuma sa alamar alƙibla ba. Duk waɗannan daga gidan Inna aka ɗebo su.

Abin da ya fi damuna shi ne dokar baƙi. An umarci maigadi ya karɓi katin shaidar duk mai shigowa, kuma kada ya bar kowa ya shiga bayan ƙarfe 8 na dare. Ga Baturen da ya zo aiki wannan tsaro ne, ga mu kuwa yanke zumunci ne, domin wanda ya shekara biyu ba ya gida, da dare ne dangi ke samun sararin zuwa yi masa barka da zuwa. Gwaggon maigidana, tsohuwa da ta hau babur tun daga unguwar Yelwa riƙe da kwanon fura da ƙullin kilishi, ta tsaya a bakin ƙofa cikin iskar hunturu saboda ba ta zo da kati ba. Da na fito, ba ta nuna fushi ba, cewa ta yi, "Ba komai, 'yata, yaron aikinsa yake yi," amma ta ƙi zama, a tsaye ta shafa kan yaran ta juya. Sai da maigidana ya je har ɗakinta ya ba ta haƙuri. Ba laifin maigadi ba ne. Manajan ya saurare mu da safe, ya zo da kansa ya ɗage dokar, ya sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin rumfa domin maza, wurin ya zama kamar zaure. Na yaba da saurin gyaran, amma kamfanin da ke karɓar kuɗin 'yan ƙasa mazauna waje bai kamata ya jira a koya masa wannan ba.

Direban ne ya fanshe su. Dattijo ne Bahaushe, yana jin Fillanci da Faransanci, ya san gidajen da ya wajaba a fara gaisarwa kafin saura, kuma ya iya magana da jandarmomi a shinge ba tare da hayaniya ba. Ya kai mu kasuwar Pitoa ranar Lahadi, ya kai yara bakin kogi da yamma suka ga dorina, ya kuma kai mu Lagdo inda ya zaɓo mana kifi a hannun masunta. Da ya ga yarana suna amsa gaisuwa da Faransanci, sai ya ƙi kula su har sai sun ce "Baba, ina kwana," kuma kafin mu tafi ƙaramar ta iya jera gaisuwa har da tambayar gajiya. Ranar da aka yi mana rasuwa a Ngaundere, mai nisan kimanin kilomita 280, na so mu tashi da yamma, ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ba na hawa wannan hanya da dare da yara a mota. Manyan motoci sun yi yawa, ga hawan dutsen nan kafin a shiga gari. Da mun yi asuba sai mu kama hanya." Da muka bi ta da rana na ga gaskiyarsa. Motar lafiyayya ce, sai dai ba su da kujerar yara, mai ƙaramin yaro ya taho da tasa.

Farashi kuwa yana da tsada, kuɗin mako guda ya kusa hayar wata ta irin gidan a wajen mazauna gari, kuma farashin da suka fara faɗa wa lambarmu ta Faransa ya ɗara wanda suka faɗa wa ƙanen maigidana da ya je da ƙafarsa. Mai son ɗaukar su ya bar ɗan'uwa na gida ya yi cinikin, ya sa a rubuta batun man janareta da na baƙi kafin a biya komai, ya kuma nema tun watan Oktoba. Mun sanar da su za mu sake sauka a wurinsu Disamba mai zuwa, in Allah ya kai mu, bisa sharaɗin su ba mu wannan direban.